Yadda ake zaɓen kyamarar mota da yadda ake aiki da ita har ta zame maka shaida

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, a wani shataletale a cikin Kano, wani mai adaidaita sahu ya kutso ta damana ba sigina ba komai, ya gogi motata tun daga fitila har ƙofar gaba. Kafin in buɗe ƙofa in sauko, mutum ya fi ashirin a kanmu. Babu wanda ya ga farkon abin, amma kowa ya riga ya yanke hukunci. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, yi haƙuri ka gyara masa, kai Allah ya rufa wa asiri." Na biya gyaran kekensa, na wuce wajen fanel bita na biya nawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina da gaskiya, amma ba ni da ko mutum ɗaya da zai faɗe ta.

A satin na sayi kyamara, irin mai arhar nan da ake manna wa gilashi. Bayan wata huɗu, a hanyar Zariya, wata tirela ta matse ni har na sauka daga kwalta, tayar gaba ta fashe. Da na isa gida na zare memorin na sa a kwamfuta, sai na tarar bidiyon ƙarshe da ke kai ya yi mako shida da ɗauka. Duk tsawon lokacin nan fitilarta tana kamawa kullum, ni kuwa na saki jiki. Da na juya bayanta, batirin ciki ya kumbura har ya ɗaga murfin.

Daga nan na gane cewa sayen kyamara shi ne mafi sauƙin aikin. Abu uku ne ke raba kyamarar da za ta tsaya maka da wadda za ta ba ka kunya: jure zafi, ingancin memori, da abin da kai kanka ka yi a mintunan farko bayan abu ya faru. A kansu zan fi daɗewa, sauran kuma mu bi su da sauri.

Mataki na farko: yanke shawarar inda kake so ta gani

Akwai mai ido ɗaya da ke kallon gaba kawai, akwai mai ido biyu gaba da baya, akwai mai uku da ke haɗawa da cikin mota. Idan motar gida ce kuma aljihu zai ɗauka, ɗauki mai gaba da baya. Duk wanda ya saba shiga cunkoso ya san yawancin ƙananan karo daga baya suke zuwa, kuma wanda ya daki bambarka ya zille, idon gaba ba zai nuna maka lambarsa ba. Direban haya, ko mai aiki da Bolt da makamantansu, shi ya fi bukatar ta uku, domin rigimarsa sau da yawa a cikin mota take: an ce an mance waya a kujera, an ce ya faɗi magana, an ce an ba shi kuɗi. Irin wannan tana da ƙananan fitilu da ido ba ya gani, waɗanda ke haska mata cikin mota da dare. Mai babbar mota, tirela ko tanka, ya tuna wutarsa bolt 24 ce, ƙananan motoci kuwa 12, saboda haka ya tabbata cajar da wayoyin da za a ba shi suna ɗaukar duka biyun.

Girman jiki ma abin dubawa ne. Ƙarama, baƙa, wadda za ta ɓuya a bayan madubin tsakiya ta fi mai faffaɗan allo da ƙyalƙyali. Mai ƙyalƙyalin tana ɗauke hankalin direba da dare, tana kuma kiran ɓarawo ya fasa gilashi idan ka yi fakin a kasuwa.

Mataki na biyu: tambayi abin da ke cikinta, batir ko kafasita

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasarmu, kuma ita ce masu saye suka fi mantawa. A Maris, Afrilu da Mayu, zafin Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yakan haura digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe aka bari a rana, saman dashbod ɗinta yana iya kai digiri 70, har ka kasa ɗora hannu a sitiyari. Kyamara kuwa a manne take da gilashin, rana tana dukanta kai tsaye daga hantsi har la'asar.

Kyamarori masu arha batirin litiyam ne a cikinsu, irin na wayar hannu. Wannan batir ba ya shiri da zafi. Yakan kumbura, ya daina riƙe caji, wani lokaci ma ya zama haɗari. Kuma aikinsa a cikin kyamara yana da muhimmanci: idan wuta ta ɗauke, misali an yi karo waya ta zare, shi ne zai ba ta 'yan daƙiƙun da za ta rufe bidiyon ƙarshe ta ajiye shi. Idan ya mutu, bidiyon ƙarshen, wato ainihin wanda kake bukata, shi ne zai lalace. Wata alamar mutuwarsa ita ce ka ga kwanan wata da agogo suna komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da ka tayar da mota.

Kyamarori masu kyau kafasita suke amfani da ita a madadin batir. A jikin kwali za ka ga an rubuta supercapacitor. Ba ta riƙe wuta mai yawa, iyakarta ta ajiye bidiyon ƙarshe ta kashe kanta, amma tana jure zafi shekara da shekaru ba ta kumbura. Juya kwalin ka nemi inda aka rubuta zafin da take iya aiki a ciki. Idan ka ga ya kai digiri 65 ko 70, madalla. Idan mai shago ya ce maka, "Ranka ya daɗe, wannan ai har ka cire ta ka yi bidiyo da ita a hannu," to ya gaya maka da bakinsa cewa batir ne a ciki. Ajiye ta.

Daga cikin kamfanonin da suka yi suna akwai Viofo, Vantrue, 70mai, Garmin, Nextbase, sai BlackVue da Thinkware na Koriya ta Kudu waɗanda suka fi tsada. Amma kada sunan kamfani kaɗai ya ishe ka, domin kamfani ɗaya yakan fitar da wata mai batir, wata mai kafasita. Samfurin da ke hannunka shi za ka bincika. Ana samun su a kasuwannin waya irin Farm Center a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja, da kuma Jumia, Konga da AliExpress. Farashi yana bin dala, don haka ba zan kama suna ba. Abin da zan ce kawai, araha ba ta ado, kuma kuɗin fitila ɗaya ta motar zamani yakan sayi kyamara mai kyau har da canji.

Mataki na uku: hoton da zai karanta lamba

Amfanin hoton ɗaya ne: ya nuna lambar mota, launin danja, da layin da kowa yake kai. Mafi ƙarancin kaifin hoto da za ka yarda da shi 1080p ne, hotuna 30 a daƙiƙa. Mai 1440p, wadda ake kira 2K, ita na fi so, domin tana karanta lamba daga nesa kaɗan kuma ba ta cinye memori kamar 4K. Ka yi hattara da ƙananan kyamarori da aka rubuta wa 4K da manyan baƙaƙe alhali kuɗinsu bai kai na cajar waya mai kyau ba. Ƙaramin hoto suke hurawa ya yi girma, ba ƙarin kaifi ko kaɗan.

Da rana kusan kowace kyamara gwana ce. Dare ne ke tona asiri, musamman a hanyoyinmu da babu fitilun titi kuma mai tahowa ba ya rage ful. Nemi wadda sensarta, wato abin da ke kama haske a cikinta, ta zama Sony STARVIS, ko STARVIS 2 idan hali ya yi, tare da HDR, wanda ke hana hasken fitila wanke lambar mota ta zama fari fat. Faɗin ganinta ya tsaya tsakanin digiri 130 zuwa 150. Wanda ya wuce haka yana kwaso gefe da gefe da yawa, amma komai sai ya yi ƙanƙanta ya lanƙwashe.

GPS yana rubuta wuri da gudun motarka a jikin bidiyon, yana kuma daidaita agogo da kansa. Wi-Fi kuma yana ba ka damar janyo bidiyo zuwa wayarka a bakin hanya ba sai ka zare memori ba. Duka biyun sun cancanci ƙarin kuɗin.

Kafin ka biya, gani ya kori ji. Ce wa mai shago ya jona ta, ku fita waje ku ɗauki motar da ke fake taku goma daga inda kuke, sannan ku buɗe a kwamfuta ko a babban allo. A ɗan allon kyamarar komai kyau yake yi.

Mataki na huɗu: memori, inda aka fi yin asara

Kyamarar mota ba ta hutawa. Tana rubutu a kan memori tun daga tayar da mota har kashewa, idan ya cika ta goge mafi tsufa ta ɗora sabo a kai. Memorin waya na yau da kullum ba a yi shi don wannan wahala ba, yakan gaji cikin 'yan watanni. Kuma idan ya gaji ba ya ihu. Kyamara za ta kama, fitila ta yi ja, amma babu abin da ke shiga. Abin da ya same ni ke nan.

Sayi wanda aka yi musamman don irin wannan aiki. Sunayen da za ka nema su ne SanDisk High Endurance, SanDisk Max Endurance, ko Samsung PRO Endurance, kuma ka ga alamar saurin rubutu, U3 ko V30, a jikinsa. Game da girma, kyamara mai 1080p tana cin kusan gigabayit 6 a awa ɗaya, mai ido biyu kuwa ninki biyu ko fiye. Daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna ya haura kilomita 400. Idan memorinka 32GB ne a kyamara mai ido biyu, abin da ya faru a Kwanar Dangora ya goge tun kafin ka ga Dutsen Zuma. Saboda haka 64GB shi ne ƙarami, 128GB ya fi kwanciyar hankali ga mai doguwar tafiya. Duba littafin kyamarar ka ga iyakar girman da take karɓa.

Sai matsalar jabu, wadda ta cika kasuwa. Za ka ga an rubuta 128GB, waya ma ta nuna maka 128GB, alhali ainihin cikinsa 8 ne ko 16. Da zarar ya wuce wannan ɗan wurin, duk abin da aka zuba masa ya bi iska. Akwai wata ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw. Tana cika memorin da bayanai har bakinsa, ta dawo ta karanta, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Takan ɗauki awa ɗaya ko biyu. Yi wannan gwaji a ranar da ka saya, tun rasit yana aljihunka. Memorin da aka ba ka kyauta a cikin kwalin kyamara mai arha kuwa, ba na ba ka shawarar ka jingina da shi.

Idan ya ci jarrabawa, sa shi a kyamarar ka yi masa fomat daga cikin saitinta, kada ka yi a waya ko kwamfuta. Ita ta san tsarin da take so.

Mataki na biyar: mannawa

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama. Don haka mazaunin kyamara shi ne bayan madubin tsakiya, ta ɗan karkata ɓangaren mai zaman banza, yadda ba za ta tare maka gani ba. Abu biyu za ka kiyaye: idonta ya faɗo cikin wurin da waifa ke sharewa, in ba haka ba da damina ɗigon ruwa kawai za ta ɗauka, kuma ya sauko ƙasa da baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke saman gilashi.

Kada ka manna tukuna. Jona ta da wuta, ka riƙe da hannu kana kallon allo ko wayarka har ka sami wurin da hanya ta zauna daidai a tsakiya. Daidaita ta yadda hanya za ta ci kusan kashi 60 na hoton, sama ta ci 40, bakin bonet ya ɗan leƙo daga ƙasa. Idan sama ta yi yawa, hasken rana zai sa ta duhunta hanyar.

Goge gilashin da sifirit da tsumma mai tsabta, ka bari ya bushe. Yi aikin da safe ko a inuwa. Ɓare gam ɗin, irin na 3M mai manne gaba da baya, ka danna da ƙarfi kamar rabin minti, sannan ka bar mazaunin ya kwana kafin ka rataya masa kyamarar. Mazauni mai robar tsotso ba ya daɗewa a zafinmu, wata rana kana cikin tafiya zai saki ta faɗo. Kuma ka tuna ɓare siririyar ledar da ke kan idon kyamarar. Mutane da yawa sun yi watanni suna ɗaukar hoto mai hazo saboda ita.

Ta baya ana manna ta a saman gilashin baya daga ciki, a tsakiya. Idan gilashin mai duhu ne sosai, hoton dare zai ragu, ka san da wannan.

Mataki na shida: wuta da jan waya

Hanya mafi sauƙi ita ce soket ɗin kunna sigari, da cajar da ta zo a kwalin. Yi amfani da nata, domin wata cajar wayar ba ta ba da isasshiyar wuta, sai kyamara ta riƙa mutuwa tana kamawa. Kashe mota ka zare makulli ka gani: idan kyamarar ta mutu, lafiya lau. Idan ta ci gaba da aiki, soket ɗinka ba ya ɗauke wuta, sai ka riƙa zare ta da hannu don kada ka wayi gari batirin mota ya sauka.

Kada ka bar waya tana reto a gaban giya. Tura ta cikin bakin rufin mota, ta gangaro ta ginshiƙin gefen gilashi na ɓangaren fasinja, ta bi cikin robar ƙofa, ta shige ƙarƙashin dashbod har soket. Yawancin kyamarori suna zuwa da ɗan ƙaramin abin roba na tura waya. A nan akwai wurin da ba a wasa da shi: idan ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a ginshiƙin, akwai jakar iska a ciki. Waya ta bi ta bayanta, kada ta gitta ta gabanta, don kada ta hana ta buɗewa ranar da ake bukatarta.

Idan kana so ta yi gadi bayan ka kashe mota, sai an jona ta da akwatin fiyus ta wata waya ta musamman da ake saye daban. Wannan aikin mai rewaya ne, kuma ka tsaya a kansa. Wayoyi uku ne: ɗaya zuwa fiyus mai wuta kullum, ɗaya zuwa wanda ke kamawa sai an murza makulli, ɗaya kuma a ɗaure a ƙarfen jikin mota. Ce masa, "Oga, don Allah kada a fere waya a murɗa, a sa mahaɗin fiyus, kuma kada a taɓa fiyus ɗin jakar iska ko na burki." A jikin wayar akwai ɗan makunni da ke yanke wuta idan batirin mota ya yi ƙasa. Sa shi a bolt 12.2, ko 12.4 idan batirinka ya kwana biyu. Wanda ya bar shi a 11.8 da tsohon batir, turi ne zai tashe shi da safe.

Ra'ayina a kan gadin nan: yana da amfani da dare a ƙofar gida, ko wajen biki da masallacin Juma'a inda ake goge mota a tafi. Amma da tsakar rana a bazara, mota a rufe, kyamara mai kyau ma kashe kanta take yi idan zafi ya kai mata. Nemi inuwa, ko ka zare ta ka sa a aljihun mota.

Mataki na bakwai: saiti

Fara da agogo. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk GMT+1 ne, Ghana kuwa GMT ne ba ƙari. Bidiyon da kwanan watansa ya saɓa da ranar haɗari, da wannan kaɗai wani zai iya ƙaryata shi.

Tsawon kowane guntun bidiyo, sa minti 3, ko 1 idan kana yawan janyowa zuwa waya. Mitar wuta ka zaɓi 50Hz, irin ta lantarkinmu, don kada fitilu su riƙa rawa a hoton. Sa allo ya riƙa mutuwa da kansa bayan minti ɗaya. Idan tana da muryar gargaɗi ko ƙarar da take yi in memori ya sami matsala, bar ta a kunne ko da tana damunka.

Sai na'urar jin girgiza, wadda za ka gani da sunan G-sensor. Idan ta ji duka, tana kulle bidiyon wannan lokacin don kada a goge shi. Tunani ne mai kyau, amma an yi shi ne da hanyoyi masu santsi a rai. A namu hanyoyin, kowane rami da kowane tudun rage gudu karo ne a wurinta. Cikin sati biyu memori zai cika da kullallun bidiyo, wurin sabon ɗauka ya ƙare. Sa ta a mafi ƙarancin ji, ka kuma haddace inda maɓallin kullewa na hannu yake, har ka iya danna shi ba tare da ka ɗauke ido daga hanya ba.

Mataki na takwas: kulawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi rana ɗaya a mako, ni Juma'a nake yi idan an wanke mota, ka buɗe bidiyon ƙarshe ka tabbata na yau ne, agogo daidai, hoto garau. Minti biyu ne. Sau ɗaya a wata, kwashe abin da kake so ka ajiye, ka yi wa memorin fomat. Da hunturu, ƙura tana kwanciya a cikin gilashi da idon kyamarar, sai ka goge da tsumma mai laushi irin na tabarau. Idan hoton dashbod yana fitowa a gilashi yana ɓata ɗauka, kwashe takardu da kwalin tishu daga kai, ko ka sayi ɗan gilashin tace haske da ake kira CPL idan kyamararka tana karɓa. Ajiye memori na biyu a aljihun mota.

Ranar da abin ya faru

Rai ne farko. Tsaya, kunna fitilun gargaɗi, duba mutanen da ke motarka da na waje. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ce 122. Da ka sami sarari, danna maɓallin kullewa.

Akwai wata dabara da nake so kowa ya saba da ita. Idan mota ta buge ka tana neman gudu, ko ka ga wata da ba ka yarda da take-takenta ba tana binka, karanta lambarta da ƙarfi, ka faɗi launinta da irinta. Da dare hoto yana iya gazawa, amma muryarka ta shiga.

Kada ka zare memori kyamara tana aiki. Tsayar da ɗauka ko ka kashe ta, ka jira fitilarta ta mutu, sannan ka zare ka sa a aljihunka, ka maye gurbinsa da na biyun. Idan za a ja motar zuwa ofishin 'yan sanda ko gareji, kada ka bar memorin a ciki.

Idan taro ya yi zafi, kada ka fara da shelar cewa kana da bidiyo. Wanda ya san shi ne da laifi yana iya kai hannu ga kyamarar, kuma cikin hayaniya abu yakan ɓace. Bari sai jami'i ya zo, ko wani babba ya shiga tsakani an natsu, sannan ka ce, "Yallaɓai, akwai hoton yadda abin ya faru, ga shi a wayata." Kuma kai ma ka kalla tukuna. Kyamara ba ta san ubangidanta ba. Idan kai ne ka tsallake danja, ko GPS ya rubuta kana gudun 130, haka za ta faɗa. In laifin naka ne, ka amsa ka nemi sulhu, ya fi maka mutunci a wurin mutane da wurin Allah.

A ranar, kwafi bidiyon zuwa wuri uku: waya, kwamfuta, da imel ko Google Drive. Haɗa da guntun da ya gabaci haɗarin da wanda ya biyo baya. Kada ka yanke, kada ka ƙara rubutu ko kiɗa, kada ka canza sunan fayil. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura shi a matsayin bidiyo yana matse shi har lambar mota ta dushe. Wanda ya nemi shaida, ba shi kwafi, asalin ya zauna a wurinka.

Wannan tsari yana da dalili. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda a karɓi abin da na'ura ta ɗauka a kotu, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da bidiyon, da cewa tana aiki daidai a lokacin. Lauya ne zai tsara maka ita, kuma zai tambaye ka sunan kyamarar da inda asalin memorin yake. Ta fuskar inshora kuma, a Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar ɓarnar da ka yi wa wani zuwa naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Idan wanda ya buge ka yana da ta gaskiya, bidiyonka ne zai rage jayayyar wa ya jawo. A Rasha irin wannan rigima ta inshora da ta masu faɗa wa mota da gangan ce ta sa direbobi suka rungumi kyamara, shi ya sa da wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Chelyabinsk ranar 15 ga Fabrairu, 2013, motoci barkatai suka ɗauke shi.

Amana da shingen bincike

Kyamarar tana jin duk abin da ake faɗa a mota: hirarka da maiɗakinka, wayar da abokinka ya amsa, sirrin fasinja. Gaya wa wanda ka ɗauka cewa tana ɗaukar murya, ko ka kashe makirfon da maɓallinsa idan hirar ta gida ce. Direban haya ya manna 'yar sanarwa inda fasinja zai gani. Idan ka ba da aron mota ko ka kai ta wajen bakanike, shi ma ka sanar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaɗa hoton haɗari. Idan kyamararka ta ɗauki mutane cikin jini, ko gawa a kan titi, wannan amana ce ta faɗo hannunka. Kai wa jami'ai ko dangin wanda abin ya shafa idan sun nema. Kada uwa ta fara ganin ɗanta a Facebook ko TikTok kafin a zo a yi mata gaisuwa.

A shingen sojoji, ƙofar bariki da sauran wuraren tsaro, ana hana ɗaukar hoto a wurare da dama, kuma abin ya fi tsanani a yankunan da ake fama da rashin tsaro da kan iyakoki irin Jibiya, Illela da Maigatari. Kada ka kai hannu kana juya kyamara ta kalli jami'i. Idan ya tambaya, gaya masa kai tsaye cewa ta haɗari ce, hanya take kallo. Idan ya ce a kashe, zare cajar a gabansa ya gani, ba musu. Bayan ka wuce ka yi nisa, sami wuri ka tsaya, ka mayar da cajar, ka jira har ka ga jar fitilar ɗauka tana ƙiftawa kafin ka hau hanya.